Daga Bin Sawu Zuwa Bin Layi: Yadda Mota Da Waya Suka Koma Tona Asirin Masu Su

A watan Yulin 2024 abubuwa biyu suka faru a Najeriya, 'yan kwanaki tsakaninsu, kuma ba kasafai ake haɗa su wuri guda ba. Na farko, rundunar 'yan sanda ta sanar cewa daga ranar 29 ga watan za ta fara tare duk motar da ba ta cikin sabuwar rajistarta ta kwamfuta mai suna e-CMR, wadda sai mai mota ya biya sama da naira dubu biyar kafin a shigar da shi. Lauyoyi suka yi caa, suna tambayar dokar da ta ba 'yan sanda ikon sake yi wa mota rajista bayan wadda aka yi a ofishin lasin. Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da kamen tun ranar ba ta zo ba. Na biyu, a ƙarshen watan, ana saura kwanaki a fara zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, ɗimbin jama'a suka wayi gari an rufe musu layukan waya bisa dalilin cewa ba su daidaita su da lambar NIN ba. Ofisoshin kamfanonin waya suka cika maƙil, aka yi ta hayaniya, har hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin a buɗe layukan.

A duka biyun, kuɗi da wahalar tsayuwa a rana aka fi kokawa a kai. Ba a tsaya sosai a kan amfanin da rajistar ke yi wa mai karɓarta ba, alhali amfanin ɗaya ne: ɗaure lamba da suna. Da zarar an ɗaure su, duk inda aka ga lambar motarka ko lambar wayarka, kai aka gani. Yadda aka yi muka iso nan shi ne abin da nake son mu bi.

Bin mutum a ɓoye ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garuruwa masu ganuwa suna da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice, baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba, fatake kuma suna da fatoma da zai iya faɗin inda suka fito da inda suka dosa. In an kore shanu, akwai masu bin sawu da za su bi kofato har inda aka ɓoye su. Turawa sun zo sun ɗora nasu a kai: 'yan doka, da ƙidayar haraji da jangali, da sashen 'yan sandan ciki. Daga wannan sashe aka gina hukumar tsaro ta NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala, Janar Babangida kuma ya raba ta uku a 1986, ɗaya daga ciki ita ce SSS.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne da mutum ake bin mutum. Kafin a bi ɗan kasuwa ɗaya daga Kano zuwa Legas na mako guda, sai an ware jami'ai, a ba su mota da mai da guzuri, a riƙa sauya su don kada ya shaida fuska. Babu hukumar da za ta yi wannan ɗawainiya a kan malamin firamare ko mai shayi. Talaka yana yawonsa ba wanda ya san inda ya kwana, kuma ba wata doka ce ta kare shi ba, bin sa ne ya fi ƙarfin aljihun hukuma. A ganina nan bakin zaren yake. Tsada ce ke gadin sirrin mutane, kuma ranar da ta kau, da aka duba littafin doka sai aka tarar ba a tanadi komai a madadinta ba. Ƙari a kan haka, kayan da ake bin mutane da su yau ba don bin mutane aka ƙirƙiro su ba. Lambar mota ta fara a birnin Paris a 1893, Ingila ta wajabta ta daga farkon 1904, don a san wanda za a nema in mota ta buge mutum ta gudu, a kuma san wanda zai biya haraji. Jami'an tsaro tarar da rajistar suka yi a ajiye.

Amurka ta fi kowa barin rubutaccen tarihin wannan ja-in-ja, domin can kowane sabon salo sai ya dangana da Kotun Ƙoli. A 1928 kotun ta shaida wa Roy Olmstead, tsohon ɗan sanda da ya koma fasa-ƙwaurin giya a Seattle, cewa sauraron wayarsa da aka yi ba binciken gida ba ne, tunda ba a taka ƙofarsa ba. Sai a 1967 ta janye wannan ra'ayi. A 1979 ta kafa wata ƙa'ida da ta daɗe tana ɓarna: lambobin da ka buga ka riga ka miƙa su ga kamfanin waya, saboda haka sun fita daga sirrinka. A 1983 aka zo kan mota. Jami'ai a jihar Minnesota sun ɓoye 'yar na'ura mai aika sigina a cikin garwar wani sinadari da ake haɗa ƙwaya da shi, suka bi motar da ta ɗauke ta, a ƙasa da motoci, a sama da jirgi mai saukar ungulu, har wani gida a jihar Wisconsin. Kotu ta ce wanda ya hau titin gwamnati ba zai ce a ɓoye yake tafiya ba. A lokacinsa hukuncin yana da ma'ana, domin na'urar ba ta aiki sai da jami'i a bayanta. Da aka nuna wa alƙalan tsoron cewa wata rana za a iya bin kowa dare da rana, sai suka ce in ranar ta zo sa duba.

Ta kuwa zo a 2005. Antoine Jones mai gidan rawa ne a birnin Washington, ana zarginsa da dillancin hodar ibilis. Jami'ai suka karɓi takardar alƙali da ta ba su kwana goma su liƙa na'urar GPS a motar da yake hawa, a cikin birnin. Ba su liƙa ba sai a rana ta goma sha ɗaya, kuma a jihar Maryland, wato takardar ta riga ta faɗi. Kwana 28 na'urar tana gano inda motar take ta hanyar tauraron ɗan'adam, bayanan suka haura shafi 2,000. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Ranar 23 ga Janairun 2012 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka haɗu a kan cewa abin da aka yi bincike ne irin wanda tsarin mulki ya yi wa iyaka, amma suka rabu a kan dalili. Biyar sun tsaya a kan cewa an taɓa dukiyar mutum ba izini. Mai shari'a Samuel Alito da wasu uku suka hango abin da ya fi haka: kafin zamanin kwamfuta, wahalar aikin ce ke hana hukuma bin mutum na makonni, domin sai da tawagar jami'ai da motoci da yawa, shi ya sa ba a yi sai a kan babban lamari. Mai shari'a Sonia Sotomayor ta ƙara da cewa irin wannan bibiya tana fallasa likitan da mutum ke zuwa gani, da wurin ibadarsa, da siyasarsa, da waɗanda yake hulɗa da su. Daga baya babban lauyan hukumar FBI ya faɗi cewa hukuncin ya sa sun kashe na'urori kusan 3,000 da ke liƙe a jikin motocin mutane. Dubu uku, a hannun hukuma ɗaya, a lokaci ɗaya. Da da ƙafa ake bi, ko kusa da wannan adadi ba za a je ba.

Amma hukuncin a makare ya zo, domin a lokacin ba sai an liƙa wa mota komai ba. Mai motar yana ɗauke da na'urar a aljihunsa, da kuɗinsa ya saya, shi yake mata caji. Wayar hannu ba ta ƙara sai kamfani ya san ƙarfen sabis da take kusa da shi, kuma duk kiran da aka yi ko saƙon da ya shigo, ana rubuta lokaci da lambar ɗaya ɓangaren da ƙarfen da ya ɗauke shi. Kamfani na ajiye wannan ne don lissafin kuɗi da gyaran sabis. Wani ɗan siyasar Jamus, Malte Spitz, ya kai kamfanin Deutsche Telekom kotu don a ba shi nasa bayanan, aka miƙo masa sama da 35,000 na wata shida kacal. Jaridar Die Zeit ta ɗora su a kan taswira a 2011, kowa ya ga jirgin ƙasan da ya hau, da garin da ya kwana, da lokacin da yake barci. A Amurka kuwa, Timothy Carpenter, wanda aka kama da laifin fashi a shagunan sayar da waya a jihohin Michigan da Ohio, an gabatar da inda wayarsa ta kasance har sau 12,898 cikin kwana 127, ba tare da cikakkiyar takardar bincike ba. A watan Yunin 2018 Kotun Ƙoli ta ce, da rinjayen alƙali ɗaya tal, biyar da huɗu, irin wannan bayani sai da takardar alƙali mai ƙwaƙƙwaran dalili. Shekara 35 ke nan bayan alƙawarin da kotun ta yi cewa za ta duba.

Akwai masu cewa ta'addanci ne ya haifi wannan duka, kuma da Ingila suke kafa hujja. Gaskiya ne bayan bama-baman da ƙungiyar IRA ta tayar a tsakiyar Landan a 1992 da 1993 aka kewaye unguwar bankuna da shingaye da kyamarori. Sai dai kyamarar da ke karanta lambar mota ta girmi waɗannan bama-bamai. A 1976 aka ƙirƙiro ta a sashen binciken kimiyya na 'yan sandan ƙasar, kuma mutum na farko da ta sa aka kama, a 1981, ɓarawon mota ne. Abin da bam ya yi shi ne samar da kuɗin sayen ta da yawa, da rufe bakin masu tambaya. Zuwa 2006 an haɗa kyamarorin ƙasar a rumbun bayanai guda, yau kuma suna karanta lambobi miliyoyi masu yawa kullum, na mai laifi da na marar laifi, a ajiye su shekara guda. Wanda ya ga abin da ya faru a Birmingham a 2010 ya san inda ake fara gwada irin wannan. An kafa kyamarori sama da 200 a unguwannin Sparkbrook da Washwood Heath, inda Musulmi suka fi yawa, aka shaida wa mazauna cewa don maganin ɓarayi da 'yan daba ne. Sai jarida ta tona cewa daga asusun yaƙi da ta'addanci aka fitar da kuɗin, kusan fam miliyan uku. Aka rufe kyamarorin da leda, shugaban 'yan sandan yankin ya nemi gafara, aka tumɓuke su a 2011. An tumɓuke su ne saboda mutanen unguwar sun tsaya kai da fata.

Namu tarihin a Najeriya ya soma ne a watan Janairun 2001, lokacin da NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ta biyo a 2003. Kafin nan layukan NITEL duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa gadon mulkin soja ne ke bin mu. Sojoji sun tsare mutane ba shari'a, sun sa an bi 'yan jarida da 'yan siyasa, ba mai musun haka. Amma ko da sun saurari kowane layi da ke ƙasar, ba su san inda manomi a Gumel ko 'yar kasuwa a Mubi suke ba. Duk kayan da ake bin mu da su yau a ƙarƙashin zaɓaɓɓun gwamnatoci suka shigo, da sa hannun majalisa ko na minista, ana cewa don amfaninmu ne.

Shekaru goman farko sim a bakin titi ake saye kamar goro, ba mai tambayar sunanka. Kamfani ya san inda layi yake, bai san mai shi ba. A 2011 NCC ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa, aka ware mata naira biliyan 6.1. A nan aka ɗaure lamba da suna. Mataki na biyu ya zo a watan Mayun 2015, dab da saukar Shugaba Jonathan, da dokar laifukan intanet. An fi sanin ta da sashe na 24, wanda ake kama masu rubutu a Facebook da shi, amma ni a wurina sashe na 38 ya fi shi haɗari. Shi ne ya wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan kira da na masu layi har shekara biyu, ya kuma ce su miƙa su in jami'in tsaro ya nema. Sauraron abin da ake faɗa a waya, wannan sashe na 39 ya ce sai da umarnin alƙali. Amma wa ka kira, yaushe, kana ina, sashe na 38 bai ambaci alƙali ba. Abin takaici, shekara guda kafin mu kafa wannan doka, a watan Afrilun 2014, babbar kotun Tarayyar Turai ta soke makamanciyarta ta 2006 saboda ta keta haddin sirrin jama'a. Abin da wasu suka gwada suka zubar shi muka ɗauka. Ƙungiyar Paradigm Initiative da wasu sun ƙalubalanci sashe na 38 a kotu, ba su yi nasara ba a Babbar Kotun Tarayya, haka ma a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2018.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a jere. A watan Oktoban 2015 aka ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 saboda ƙin rufe layuka sama da miliyan biyar marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330. Tun daga ranar babu kamfanin wayar da zai yi gigin jayayya da hukuma a kan bayanan mai layi. A 2019 NCC ta fitar da ƙa'idojin sauraron waya, waɗanda suka nemi takardar alƙali amma suka bar ƙofar fara sauraro ba takarda in an ce lamarin na gaggawa ne, a nemo ta cikin awa 48. A shekarar ce kuma Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a ƙudurin kare haƙƙin jama'a a intanet da majalisa ta aika masa. A watan Disambar 2020 ministan sadarwa, Isa Ali Pantami, ya ba da mako biyu a haɗa kowane layi da lambar NIN. Aka yi ta ɗage wa'adin, har a watan Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira.

A ɓangaren mota tafiyar ta fi tangal-tangal. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da aka kafa a 1988, ta fito da sababbin lambobi a 2011 don tattara bayanan masu motoci wuri guda. Kwangilar kyamarorin tsaro ta dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin a 2010, akasarinta bashi ne, ta bar turaku a titunan Abuja da ba sa ganin komai. Legas ta yi nisa wajen amfani da kyamarar karanta lamba don cin tarar masu takardun da suka ƙare. A Kano 'yan adaidaita sahu ba su manta da kuɗin tiraka da KAROTA ta sa su biya ba, da ƙorafin da yawancinsu suka yi cewa sitika kawai suka gani. Rashin ingancin waɗannan ayyuka shi ne ɗan abin da ya rage na tsohuwar kariyar nan ta tsada, kuma ba abin dogaro ba ne, domin kyamara kullum araha take ƙara yi.

Za a ce Boko Haram da masu garkuwa da mutane ne suka tilasta wannan duka. Shugaba Buhari da kansa ya faɗa a 2016 cewa layuka marasa rajista sun taimaki Boko Haram. Ban raina wannan magana ba, kuma wanda aka taɓa ɗauke masa ɗa ba zai so jin dogon bayani a kan sirri ba. Bin layi yana kama mugu. Rundunar 'yan sanda ta IRT da aka kafa zamanin Sufeto Janar Solomon Arase ta yi suna da shi, kuma ita ta kama Evans, gawurtaccen mai garkuwa da mutane, a Legas a watan Yunin 2017. Amma a duba abin da gwamnati ke yi in ta fuskanci masu bindiga da gaske. A watan Mayun 2013 katse sabis ta yi a Borno da Yobe da Adamawa. A watan Satumbar 2021 ta katse shi a Zamfara, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Wanda ya yarda da bin layi ba ya kashe layin. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 an shafe watanni ana ciniki da maharan ta waya. A watan Janairun 2024 shi kansa Malam Pantami ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan da aka wahalar da jama'a wajen tattarawa. Dalilin a fili yake: sanin cewa ɗan bindiga yana wani yanki na daji ba ya kawo shi hannu, sai an tura mutane da makamai, wato tsada ta dawo. Wanda ke zaune a gari da adireshi da iyali, shi ne kama shi ya yi araha.

Shi ya sa jerin waɗanda aka kama ta wannan hanya yake da ban tsoro. A watan Fabrairun 2020 kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya wallafa yadda 'yan sandan Najeriya ke amfani da bayanan kira wajen farautar 'yan jarida. Salon kusan ɗaya ne: a duba lambobin da mutum ya fi kira, a kama ɗaya daga cikinsu, a sa shi ya kira abokinsa ya ce su haɗu. Haka aka yi wa Samuel Ogundipe na jaridar Premium Times a watan Agustan 2018, ta hannun wata abokiyar aikinsa da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Jaridar ce kuma ta tona kwangilar dala miliyan 40 da aka ba kamfanin Elbit na Isra'ila a 2013 don sa ido a kan sadarwar intanet. A watan Disambar 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da lambarta kawai. A kasafin cike giɓi na 2021 an ware wa hukumar leƙen asiri ta NIA naira biliyan 4.87 don sa ido a kan WhatsApp da wayar Thuraya da sauransu. Shugaban rundunar IRT ɗin nan kuwa, Abba Kyari, an dakatar da shi a 2021 bayan hukumomin Amurka sun zarge shi da tsare wani mutum bisa buƙatar ɗan damfarar nan Hushpuppi, zargin da ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyar lamarin, ya nuna cewa ikon gano inda kowa yake yana iya taruwa a hannun mutane ƙalilan, ba mai duba abin da suke yi da shi.

A ƙasa-ƙasa ma abin ya zama kasuwa. Duk wanda aka yi wa ƙwacen waya a Kano ko Kaduna ya san maganar da za a faɗa masa: kawo kwalin waya, kawo kuɗin tirakin. Wani lokaci a dace, wani lokaci a cafko bawan Allah da ya sayi wayar hannu na uku a kasuwa. Tambayar da ke damuna ita ce, in da kuɗi kaɗan ana iya gano inda wayar da aka sace take, me zai hana a gano inda matar da ta gudu daga dukan miji take, ko wanda ake bi bashi, ko mai shaida a kotu? A 2024 masu bincike na kafar jaridar FIJ da Paradigm Initiative sun nuna wasu shafukan intanet na sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 zuwa 200, har aka sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don a tabbatar. Hukumar NIMC mai kula da lambar NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina suka fita, sun dai fita.

Nakan ji mutanen kirki suna cewa wanda bai yi laifi ba ba shi da abin ɓoyewa. Wannan magana ba tamu ba ce. Gidan Bahaushe da zaure aka gina shi, kuma ba a shiga sai da sallama, ba don ana aikata laifi a ciki ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, Suratun Nur kuma ta hana shiga gidan wani ba izini. Malaman da suka yi rubutu a kan hisba ba su bar abin a dunƙule ba. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bayyana cewa mai hisba ba ya tono abin da aka ɓoye, sai in amintaccen mutum ya kawo labarin wata ɓarna da in aka yi jinkiri ba ta gyaruwa, kamar a ce wani ya keɓe da wani zai kashe shi. Mutum sananne, zargi sananne, dalili mai ƙarfi, sannan a bincika. Tsarin da muke ciki ya juya wannan: a tara bayanan kowa tukuna, dalili ya zo daga baya.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya da saƙonsa na tangarahu. Bai ambaci inda mutum yake ba, domin masu rubuta shi ba su zaci za a iya sanin haka daga ofis ba. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ci gaba ce, amma ta sassauta wa jami'an tsaro a kan abin da ya shafi binciken laifi da tsaron ƙasa, wato daidai wurin da ciwon yake. Gyaran da ake buƙata ba mai wuya ba ne. A rubuta a sashe na 38 cewa ba a karɓar bayanan kira ko wurin da waya take sai da sa hannun alƙali, in ban da inda rai ke cikin haɗari, shi ma a kai wa alƙali bayani daga baya. A sa kamfanoni su riƙa bayyana yawan buƙatun da suka karɓa kowace shekara da hukumar da ta aiko su, a kuma hukunta jami'in da ya sayar da wannan iko. Wannan ba zai hana kama ɗan fashi ko ɗaya ba, domin alƙali ba zai hana takarda a kan mai garkuwa da mutane ba.

Mu 'yan Arewa mun fi kowa shan wahalar rashin tsaro, shi ya sa aka fi sauƙin samun amincewarmu da duk abin da aka ce na tsaro ne. Muna da sanatoci 57 daga jihohi 19. Mai karatu, in naka ya zo gida neman ƙuri'a, ka tambaye shi ko ya taɓa karanta sashe na 38, da kuma abin da zai yi a kansa.